Babi na Shida: Katangar Tsaro

A watan Agustan 2003, masu kwamfuta a ƙasashe da dama suka fara ganin wani abu da ya ɗaure musu kai. Mutum zai kunna kwamfutarsa ya jona intanet, bai buɗe wasiƙar kowa ba, bai sauke komai ba, wani lokacin ko linzami bai taɓa ba, sai ga saƙo a allo cewa na'urar za ta kashe kanta nan da daƙiƙa 60. Yana kallo lissafi yana sauka har ta mutu. Ta sake tashi, ya koma intanet, saƙon ya dawo. Wannan aikin wata tsutsar kwamfuta ce da aka laƙaba wa suna Blaster, kuma abin da ya fi tayar da hankali game da ita shi ne ba ta neman taimakon mai kwamfuta. Da kanta take bin adireshin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa ƙofa mai lamba 135, duk wadda ta amsa mata sai ta faɗa ciki, daga nan ta ci gaba da neman ta gaba.

Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar da Blaster ke bi tun ranar 16 ga Yuli, kusan mako huɗu kafin tsutsar ta ɓulla, sai dai mutane da yawa ba su sauke shi ba. Kuma Windows XP, wadda ta fito a 2001, tana ɗauke da katangar tsaro a cikinta, amma a kashe take zuwa, sai wanda ya san da zamanta ne zai je ya kunna. Ba a gama warkewa daga Blaster ba, a ƙarshen Afrilun 2004 wata mai suna Sasser ta biyo ta ƙofa ta 445. Wani matashi ɗan Jamus, Sven Jaschan, wanda bai kai shekara 20 ba, shi ya rubuta ta. Bayan waɗannan biyun ne Microsoft ya fitar da babban gyaran da ake kira Service Pack 2 a watan Agustan 2004, wanda ya sa katangar ta riƙa zuwa a kunne tun daga ranar farko. Daga wannan lokaci, irin wannan annoba ta kwamfutar gida da ake kamuwa da ita don kawai an jona intanet ta ragu ƙwarai.

Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya san cewa abin da za mu tattauna a wannan babi ba kwalliya ba ne. Ɗan maɓalli guda, a kunne ko a kashe, shi ya raba waɗanda suka tsira da waɗanda suka kwana suna kallon kwamfutarsu tana mutuwa tana tashi.

Abin da katangar ke yi

Duk kwamfutar da ke kan intanet tana da adireshi, kuma a kan wannan adireshi akwai ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65,535. Ba ƙofofi ne da ido zai gani ba, lambobi ne da ake rubutawa a jikin kowane ƙunshin bayani don a san manhajar da aka aiko wa shi. Shafukan intanet suna amfani da 80 da 443. Musayar fayil tsakanin kwamfutocin Windows tana bi ta 445. Sarrafa kwamfuta daga nesa yana bi ta 3389. Idan wata manhaja a kwamfutarka ta zauna a bayan ɗaya daga cikin ƙofofin nan tana jiran baƙo, to duk wanda ya iya kaiwa gare ta zai iya yi mata magana, na kirki da mugu. Idan kuwa manhajar tana da wata ɓaraka, magana guda da aka tsara da gangan ta isa a karɓe ragamar kwamfutar.

A gidan Bahaushe baƙo ba ya zarcewa tsakar gida. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, a tambayi wanda yake nema. Idan maigida ne ya aiki yaro kasuwa ya dawo da saƙo, ba wanda zai tare shi, domin an san da fitarsa. Wanda kuwa ba a aika ba, ba a kira ba, ba kuma a san da zuwansa ba, nan zai tsaya. Haka katangar tsaro take aiki. Idan ka buɗe burauza ka nemi shafin BBC Hausa, katangar tana rubuta cewa wannan kwamfuta ta aika tambaya zuwa adireshi kaza, ta ƙofa kaza. Da amsa ta dawo sai ta duba rajistarta, ta ga ta dace da abin da ya fita, ta bar ta ta wuce. Ƙunshin da ya zo haka kawai, babu tambayar da ta gabace shi, sai ta yar da shi ba tare da ta ce uffan ba, wanda ya aiko bai ma san ko akwai kwamfuta a adireshin ba. Wannan dabara ta riƙe lissafin abin da ya fita ta yaɗu ne tun bayan da kamfanin Check Point na Isra'ila ya fitar da FireWall-1 a 1994, kuma yau kusan kowace katanga da ita take aiki.

Saboda haka ƙa'idar asali a Windows guda biyu ce: duk abin da zai shigo a tare shi sai wanda aka ba izini, duk abin da zai fita a ƙyale shi sai wanda aka hana. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk sauran bayanin babin nan a kansa yake tafiya.

"Ai ni ta waya nake jonawa"

Yawancinmu a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba mu da wayar intanet da aka jawo har cikin gida. Ko dai ɗan MiFi ne, ko rauta mai layin waya, ko kuma mutum ya kunna wayarsa ta hannu ya rarraba wa kwamfuta data. A irin wannan hali akwai wata kariya da ake samu a ɓagas. Rautar tana ba kwamfutocin cikin gida adireshi na cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda ba a iya kiransu kai tsaye daga waje. Su ma kamfanonin waya galibi sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda. To mai bin adireshi yana ƙwanƙwasa ƙofofi daga wata ƙasa da wuya ya iso kanka.

Wannan gaskiya ne, amma bai isa a ce an huta ba. Kariyar rauta tana aiki ne a kan na waje. Wanda yake kan Wi-Fi ɗaya da kai ya riga ya shigo ciki, kuma tsakaninka da shi babu komai sai katangar da ke cikin kwamfutarka. Ɗaliban da suka yi karo-karo suka sayi MiFi guda a ɗakin kwana, Wi-Fi na otal, na ɗakin karatu, na ofis, na filin jirgi, duk wurare ne da kwamfutarka ke zama kafaɗa da kafaɗa da wasu da ba ka san halin da suke ciki ba. Ba ma sai mai su yana da mugun nufi ba. Ya isa a ce tasa kwamfutar ta kwaso cuta bai sani ba.

Haka WannaCry ta yi ɓarna a ranar 12 ga Mayun 2017. Ta ƙofa ta 445 take bi, kuma da zarar ta samu kwamfuta guda a cikin ma'aikata sai ta bazu zuwa maƙwabtanta, tana kulle fayiloli tana neman fansar dala 300 ta kuɗin Bitcoin. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin dubban marasa lafiya. Nan ma facin ya riga ya fito tun watan Maris.

Wacce za a zaɓa?

Zan faɗi ra'ayina kai tsaye. Ga mai kwamfutar gida da ke amfani da Windows 10 ko 11, katangar da ta zo da ita ta wadatar. Ba sai ka sayi wata ba, ba sai ka sauke wata ba. Ba ta cin ƙwaƙwalwar na'ura, tana tashi tun kafin ka shigar da kalmar sirri, tana samun gyara tare da sauran Windows, kuma tun zamanin Vista a 2007 tana iya tace abin da ke fita kamar yadda take tace mai shigowa. Sunan da za ka gani a allo shi ne Windows Defender Firewall.

An yi zamanin da wannan shawara ba za ta yi ba. A farkon shekarun 2000, duk wanda ya san ciwon kansa sai ya sauke ZoneAlarm, wadda kamfanin Zone Labs ya yi kafin Check Point ya saye shi a 2004, ko kuma wata irinta. Sun yi wa mutane rana, kuma har yanzu ZoneAlarm da Comodo suna nan. Matsalarsu ita ce yawan tambaya. Manhaja kaza tana son fita, a bar ta? Wani abu mai suna svchost.exe yana son magana da adireshi kaza, a bar shi? Mutumin da ke sauri ya gama rubuta takarda ba shi da hanyar sanin amsar, to sai ya saba da danna "a bari" ba tare da ya karanta ba. Ranar da tambaya ta gaskiya ta zo, ita ma haka zai danna mata. Katangar da ke tambayarka abin da ba ka sani ba ta ɗora maka aikinta ne.

Duk da haka akwai mai buƙatar ƙari, musamman wanda yake son ya ga ko wace manhaja ce ke fita da bayani, ko wadda ke shanye masa data. Irin wannan mutum yana da zaɓi mara nauyi. Windows Firewall Control, wadda kamfanin Malwarebytes ya saya a 2018 ya kuma bayar kyauta, ba sabuwar katanga ba ce, fuska ce mai sauƙi da aka ɗora a kan ta Windows, tana sanar da kai idan wata manhaja ta nemi fita. TinyWall kuwa ba ta tambaya ko kaɗan, tana toshe komai ne sai abin da ka je da kanka ka buɗe wa hanya, don haka tana buƙatar haƙuri a kwanakin farko. GlassWire tana zana maka jadawalin yadda kowace manhaja ta ci data. Ko wacce ka zaɓa, daga shafin masu ita za ka sauke, ba daga filashin wani ba.

Manyan manhajojin riga-kafi na kuɗi, irin su Norton da Bitdefender da Kaspersky, sukan zo da tasu katangar, kuma idan aka girka su sukan karɓi aikin daga hannun ta Windows. Wannan babu laifi matuƙar kana biyan kuɗin shekara. Abin da nake yawan gani shi ne kwamfuta ta hannu da aka saya da wata tsohuwar riga-kafi a ciki wadda wa'adinta ya ƙare tun tuni, mai ita yana zaton yana da kariya. Idan ba za ka sabunta ba, cire ta gaba ɗaya, ka tabbatar ta Windows ta dawo bakin aiki. Kuma kada ka haɗa cikakkun katanga biyu a kwamfuta guda. Ba kariya biyu za ka samu ba, rikici za ka saya, ka rasa wacce ce ta tare maka firinta.

Masu Mac su lura: tasu katangar a kashe take zuwa. Ana kunna ta a System Settings, ƙarƙashin Network, kuma mai shigowa kaɗai take tacewa. Mai son ya ga abin da ke fita sai ya nemi LuLu, wadda kyauta ce, ko Little Snitch ta kuɗi. A Ubuntu ma akwai ufw a ciki amma a kashe, umarnin sudo ufw enable ne ke tayar da ita.

Saiti

Ka danna maɓallin Start ka rubuta Windows Security, ka buɗe, ka shiga Firewall & network protection. Za ka ga layi uku: Domain network, Private network, Public network. A ƙarƙashin kowanne ya kamata a ce katanga a kunne take. Na farkon na kwamfutocin ma'aikatu ne, bai shafe ka ba, amma ka bar shi a kunne. Sauran biyun su ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure.

Windows tana ajiye dokoki iri biyu. Idan ka ce mata wannan Wi-Fi ɗin Private ne, ka ce mata ke nan duk wanda ke kansa ɗan gida ne, sai ta sassauta: wasu kwamfutoci za su iya ganin taka, kuma idan ka kunna musayar fayil za su iya taɓa ƙofarta. Idan ka ce Public ne, sai ta ɓoye kwamfutar ta rufe waɗannan ƙofofi. Na sha jin mutane suna cewa sun zaɓi Private ne don suna son sirri. Akasin haka ne. Public shi ne mai tsauri. Kowane Wi-Fi da ba kai ke riƙe da kalmar sirrinsa ba, Public za ka sa masa. Ko na gidanka ne ma, idan ba ka da firinta ko wata kwamfuta da kake son su yi magana da taka, ka bar shi a Public, ba abin da zai ragu a intanet ɗinka. Ana sauya wannan a Settings, a Network & internet, ka shiga bayanan Wi-Fi ɗin da kake kai. Windows 11 da kanta take sa sabon Wi-Fi a Public, kuma ta yi daidai.

Sai maganar ɗan akwatin nan da ke faɗowa wani lokaci bayan ka girka sabuwar manhaja, yana cewa katanga ta tare wasu ayyukanta, ga maɓallin Allow access ga Cancel. Ya kamata a fahimci abin da ake tambaya. Ba tambayar ko manhajar za ta shiga intanet ake yi ba, wannan tana da izininsa tun farko. Ana tambaya ne ko za a bar wasu daga waje su kira ta. Manhajar tura fayil tsakanin waya da kwamfuta tana buƙatar haka, wasan da ake yi da abokai a kan Wi-Fi guda ma haka. Amma manhajar karanta takardu ko ta kallon fim, me za ta yi da baƙi? Idan ba ka san dalili ba, danna Cancel. Sau da yawa manhajar za ta ci gaba da aikinta lafiya lau, kuma idan wani abu ya ƙi, hanyar gyara a buɗe take. Idan kuwa ka yarda, kuma akwatin ya ba ka zaɓi, sa alama a Private kaɗai.

Duk izinin da aka taɓa bayarwa yana nan a rubuce. A wannan shafi na katanga akwai Allow an app through firewall. Ka buɗe, ka danna Change settings, ka bi jerin a tsanake, musamman layin Public. Mutumin da ya shekara biyu da kwamfuta zai yi mamakin abin da zai tarar: manhajojin da ya cire tuntuni, wasannin da yara suka sa, sunayen da bai taɓa gani ba. Abin da ka gane kuma ba ka buƙata, cire masa alama. Na Windows kanta waɗanda ba ka gane ba, kamar Core Networking, ka ƙyale su. Amma uku ka duba su da idon basira: File and Printer Sharing, Network Discovery, da Remote Desktop. Babu ɗayansu da ya kamata ya samu alama a layin Public. Na ƙarshen, mai ƙofa ta 3389, yana daga cikin hanyoyin da masu kulle fayiloli don neman fansa suka fi shiga ta ciki, suna gwada kalmomin sirri dare da rana. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a cikinsa, BlueKeep, wadda girman haɗarinta ya sa Microsoft ya fitar da faci har ga Windows XP, shekara biyar bayan ya daina kula da ita.

Idan wata manhaja ta nemi ka buɗe mata ƙofa mai lamba kaza, ka fara gwada ba ta izini da sunanta. Bambancin yana da girma. Izinin manhaja yana aiki ne lokacin da take kunne, da ka rufe ta ƙofar ta rufu. Ƙofar da ka buɗe da lamba kuwa tana nan a buɗe ga duk manhajar da ta zauna a bayanta.

Akwai kuma wani ɗan akwati a cikin shafin Public network da ke cewa a toshe duk abin da ke shigowa, har da waɗanda ke cikin jerin masu izini. Ranar da ka sauka a otal ko ka zauna a wurin taro mai Wi-Fi na kowa da kowa, ka sa masa alama. Burauza da imel da WhatsApp duk za su yi aiki, tunda kai ne ke fara kiran.

Mai son hana wata manhaja fita gaba ɗaya sai ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta wf.msc. A hagu ya zaɓi Outbound Rules, a dama New Rule, sai Program, ya nuna inda fayil ɗin manhajar yake, ya zaɓi Block the connection, ya ba dokar sunan da zai tuna. Shi ke nan. Amma ina gargaɗi a kan jarabar toshe duk mai fita a lokaci guda. Sabuntawar Windows za ta tsaya, agogo zai daina daidaita kansa, abubuwa za su riƙa lalacewa ba tare da wani saƙo ba. Idan tsadar data ce damuwarka, kuma damuwa ce ta gaske, akwai Metered connection a bayanan Wi-Fi, wanda ke sa Windows ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye. Ka dai ware rana guda a wata, lokacin da kake da data ko ka samu Wi-Fi mai yalwa, ka bar ta ta sauke facinta.

Bayan an dawo daga wurin mai gyara

Nan ne abin ya fi damuna. Kwamfutoci da yawa da ke hannun mutanenmu ba masu kutse ne suka rushe musu katanga ba, a shagon gyara aka kashe ta. Dalilin sananne ne. Manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya ba ta girkuwa sai an kashe riga-kafi, wani lokacin har da katanga, domin riga-kafin tana ganinta a matsayin cuta, kuma sau da yawa tana da gaskiya. Mai gyara ya kashe, ya girka, ya miƙa maka kwamfuta tana aiki, ka biya ka yi godiya. Ba lallai da mugunta ya yi ba, ga wasu mutum biyar suna jiransa. Amma ka tafi gida da manhajar da ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba, kuma babu mai tsaron da zai tare ta.

Kafin ka bar shagon, ka buɗe Windows Security a gabansa. Idan ka ga ja ko ruwan ɗorawa a maimakon kore, ka ce, "Injiniya, don Allah a mayar mini da wannan yadda yake." Idan ya ce ai in an kunna manhaja kaza za ta daina aiki, to ya faɗa maka gaskiyar abin da ya sa maka, sai ka yanke shawara ko kana son kwamfutar da kake shiga asusun bankinka da ita ta zauna da shi. Ga rubutu da lissafi akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal, ba ta buƙatar a kashe komai.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Katanga ba ta karanta abin da ke cikin saƙo, kuma ba ta hana abin da kai ka kira. Shafin bogi da ya yi kama da na bankinka ta ƙofa ta 443 yake zuwa, kamar na gaskiya, kuma kai ka neme shi. Cutar nan ta filashi, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi a madadinsu, ba ta intanet ta bi ba, a aljihu aka kawo ta daga shagon buga takardu. Wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ya sa ka girka AnyDesk ko TeamViewer ka karanta masa lamba, shi ma katanga ba za ta tare shi ba, domin waɗannan manhajoji daga ciki suke fita su nemo mai kira. Su kansu manhajojin ba na zamba ba ne, masu gyara na gaskiya suna amfani da su, amma lambar nan mabuɗin kwamfutarka ce.

Haka kuma katanga ba ta maye gurbin faci. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan Windows 7 a yau, ko katangarta a kunne take, burauzarta da sauran sassanta suna ɗauke da ɓarakar da ba mai toshewa. Ta yi aikin rubutu ba tare da intanet ba, ko a sa mata Linux.

Ita ma rauta tana buƙatar minti goma daga gare ka. Adireshin shiga cikinta yana rubuce a bayanta ko a ƙarƙashin batir, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka sauya kalmar sirrin mai kula, wadda sau da yawa admin ce kawai, kuma daban take da kalmar sirrin Wi-Fi. Ka kashe sarrafawa daga nesa. Ka kashe UPnP idan ba ka da na'urar wasa da ke buƙatarsa, domin shi ne ke bai wa kowace na'ura a gida damar buɗe wa kanta ƙofa ba tare da ta tambaye ka ba. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta tara rautoci da kyamarorin tsaro dubu ɗaruruwa ta hanyar gwada kalmomin sirrin masana'anta kimanin 60 kacal, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba wajen kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. Duk wanda ya sa kyamara a shago ko a gida yana kallo ta waya, wannan labarin nasa ne.

Mai son ya ga halin da kwamfutarsa take ciki da idonsa, ya danna Windows da R ya rubuta resmon, ya shiga Network, ya buɗe Listening Ports. Zai ga kowace manhaja da ke zaune tana jiran baƙo, da lambar ƙofarta, kuma a layin ƙarshe an rubuta ko katanga ta bar ta ko ta tare ta. Sunan da bai gane ba ya bincika shi kafin ya taɓa.

Wata rana firinta za ta ƙi, ko waya ta kasa tura fayil, wani ya ce maka ai katanga ce, kashe ta kawai. Ka fara duba ko Wi-Fi ɗin gidan yana kan Public ne alhali aikin yana buƙatar Private, sannan ka duba ko manhajar tana cikin jerin masu izini, domin a ɗayan biyun nan matsalar ta fi zama. Idan dokokin sun cakuɗe har ba ka gane kansu, ko ka sayi kwamfutar a hannu ba ka san abin da mai ita na farko ya buɗe ba, a ƙasan shafin katanga akwai Restore firewalls to default. Yana share duk izinin da aka ƙara, ya mayar da ita yadda ta fito. Manhajojin da ke buƙatar izini za su sake tambaya ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka amsa wa kowacce bayan ka karanta sunanta.